Dariyar da Ta Gagari Kafinta

"...lafiya lau muka yini, sai yanzu da na ɗaga ido na gan ka na ji kaina yana juyawa."

"Jirin tsufa ne, Kaka, kar ki ɗora min. Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta fi ka amfani, ita ko banza kullum muna tare. Wa ya mutu ka tuna da hanyar gidan nan?"

"Ba wanda ya mutu. Leƙowa na yi in ga ko har yanzu kina nan kina cinye mana iska."

"Ja'iri! Ni zan ga bayanka, kai da zarton naka. Ina yaran? Ku taho nan, ku rabu da wannan mummunan uban naku."

Kafinta ya saki hannun yaran a bakin ƙofa. Kakarsa ce wannan, wadda ta haifi mahaifiyarsa. Tun yana rarrafe take kiransa mijin banza, shi kuma tun da ya yi baki yake ce mata tsohuwar da ta ƙi ƙarewa, kuma duk ranar da suka haɗu ba su taɓa juna ba, to ɗayansu ba shi da lafiya. Amma yau bakinsa ne kawai yake wasan, zuciyarsa tana wani wuri. Matarsa tana kwance a babban asibiti a wani gari mai nisa, gobe da safe za a shiga da ita tiyata. Yayarta ce take jinyarta, shi kuwa ya zauna da yara da shago, don ba a barin yara su shiga ɗakin da take. Da suka yi waya da hantsi, abu ɗaya ta roƙe shi. Ta ce ya turo mata hoton yaran suna dariya, ba a cikin ɗaki ba, a waje, ta ga rana a jikinsu, shi take so ta kalla kafin a tura ta ciki. Ya ce mata ai wannan ƙaramin aiki ne. To ga shi rana ta karkata, ƙaramin aiki ya gagari mutumin da yake haɗa kabad mai ƙofa huɗu shi kaɗai.

Ƙaramin, wanda Kaka ta raɗa wa Tulu saboda cikinsa, ya faɗa jikinta da gudu. Babbar kuwa, wadda ake kira Malama, ta durƙusa ta gaishe ta ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye, sannan ta jawo ƙaninta ta gyara masa wuyan riga. Tun da aka tafi da uwarsu haka ta koma, sai ka ce wata ƙaramar uwa, kuma ba wanda ya ƙara jin dariyarta.

"Bangonki na zo aro," in ji Kafinta. "Hoto zan ɗauke su."

"Bangona? Kai da ko ƙusa ba ka taɓa buga min a gidan nan ba? Kawo wayar in ga irin ɓarnar da ka riga ka yi, don na san ba ka zo nan ba sai da ka gama kunyata kanka a wani wurin."

Ya miƙa mata. Ta ɗauko tabaranta mai hannu ɗaya, ta ɗaura shi da zare a kunne, ta kawo wayar dab da hanci.

"Wannan wane ne a cikinsu? Ya yi faɗi."

"Gado ne, Kaka. Na wani mai sayayya ne. Ja gaba."

"Wannan fa?"

"Tebur."

"Wannan kuma kujera, wannan kujera, wannan ƙofa... Kai, Allah ya shirye ka! Mutum da 'ya'ya biyu, wayarsa cike da katako. In ka mutu kujerun ne za su yi maka addu'a?"

"Su suke ciyar da mu. Ja gaba mana, yatsan naki ne ya bushe."

Ta ja, sai ga yaran. Ga su a gaban shagonsa, ga su a bakin titi, ga su a filin makaranta jikin ƙarfen lilo. A kowane hoto sun miƙe ƙiƙam, hannuwa a manne da cinya, ƙafa a haɗe. Tulu ya zaro ido kamar an kama shi da hannu a tukunya, Malama ta tsuke baki tana kallon ƙasa. Kaka ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke wayar a cinya.

"Nawa-nawa?"

"Me?"

"Yaran. Ai na ga ka jera su kamar na sayarwa. Saura ka rubuta tsawo da faɗi a ƙasa, ka ce akwai ragi in mutum zai ɗauki biyun."

"Hoto ne mai tsabta! Duba ki gani, ba karkata, ba duhu, bango a miƙe, komai ya zauna daidai."

"Komai ya zauna, har da ran yaran. Wannan za ka tura wa yarinyar mutane tana kan gadon asibiti? Ai sai ta ce a fasa aikin, gara ta zo ta ga abin da ka yi musu."

Maganar ta soke shi, don abin da yake tsoro ke nan tun safe. Bai nuna ba, ya karɓe wayarsa yana cewa, "Ke me kika sani a hoto? A zamaninku in an nuna muku kyamara ai ƙarƙashin gado kuke shiga."

"A zamaninmu ni ce ake ɗauka a liƙa a gilashin shago don a jawo masu zuwa."

"Ko don a kori ɓeraye."

"Ɓerayen ai danginku ne na wajen uba, shi ya sa ka san halinsu."

Suka fito ƙofar gida, Kaka tana dogara sanda, Malama ta riƙo mata kujerar roba ba tare da an sa ta ba. Bangon yana nan yadda ya san shi, shuɗi ne a da, yanzu fentin ya kwaile, wani wurin har siminti ya fito. Ga famfon da ya daina kawo ruwa tun yana makaranta, ga dakalin da ya tsage a tsakiya, ga bishiyar maƙwabta ta miƙo reshe ta saman katanga tana yayyafa inuwa. Rana ta yi sanyi, ta kwanta a jikin bangon ruwan zuma. Kafinta ya tsaya yana kallo, har ya manta da abin da zai ce.

A nan mahaifiyarsa take ɗaukarsu hoto, shi da yayarsa. Ita ce autar Kaka, kuma Auta kowa yake ce mata har ta bar duniya. Wata baƙar kyamara gare ta mai igiya, ta hannu ta saye ta, irin wadda ake saka wa fim a murɗa. Ba ta yarda ta kai su shagon mai hoto ba, ta ce ba za a tsayar mata da 'ya'ya gaban labule mai zanen jirgin sama ba, su da ko tashar mota ba su sani ba. Sai ta jira yamma irin wannan, ta shafe musu ƙafafu da mai har suna ƙyalli, ta fito da su jikin bangon nan. Fim ɗaya yakan yi mata watanni, don ba a dannawa sai an tabbatar. In ya cika ta kai wanki, a yi ta jira, ranar da aka karɓo kuwa gidan nan ba mai cin abinci a kan lokaci. Tun yana ƙarami ta rasu. Muryarta ta ɓace masa, amma bai manta da ƙarar murɗa kyamarar nan ba, da yadda take rufe ido ɗaya.

"Ka tsaya kana kallon bango kamar za ka aure shi," in ji Kaka. "Rana ba jiranka take ba."

"Ina tuna inda take tsayawa ne."

"Can, wajen magudanar ruwa. Ƙafa ɗaya a kan dutse, zani a ɗage, kamar mai shirin kama kaza. Sau nawa ina ce mata mace da 'ya'ya ba ta tsayuwa haka a titi. Ta ce in bari, hasken a nan yake."

Ya je ya tsaya a wurin. Dutsen ma yana nan. Ya ɗora ƙafa, ya ɗaga wayar ya koma kan aiki.

"Malama, matso dama. Tulu, miƙe. Sauke hannu. Ba nan ba, can. Ku haɗa kafaɗa. Yauwa. To, ku yi dariya."

Yaran suka ƙura masa ido.

"Na ce ku yi dariya mana! Don Mama ne fa."

Tulu ya yage baki ya nuna haƙora kamar mai jiran likita ya duba shi. Malama ta ƙara tsuke nata, idonta ya kawo ruwa. Kafinta ya danna, ya duba, ya yi tsaki.

"Sannu, kwamanda," in ji Kaka daga kan kujera. "Ka ƙara musu tsawa, wataƙila dariyar tsoronka take ji shi ya sa ta ɓuya."

"Ki yi min shiru, kina raba musu hankali."

"Wane hankali? Ai ka kore shi tun a gida. Kai ko a ɗaurin aurenka haka ka tsaya, mutane suna tambaya ko ango ne ko mai gadi."

"Ai saboda na hango ki ne a cikin taro, kin sha kwalliya kamar ke za a kai."

"Da ni aka kai da ka ga gata. Na duba ka sama da ƙasa na ce a'a, a ba wata baiwar Allah, ni ba zan iya da harara-garke ba."

Sunan ke nan da ta fi jin daɗin kiransa da shi tun yana yaro, wai idonsa ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma. Kuma tana da hujja, don duk hotunan da mahaifiyarsa ta ɗauke shi, babu ko ɗaya da yake kallon gaba. Kullum idonsa a karkace yake, yana kallon gefe, baki har kunne. Har ya girma yana zaton da gaske ya yi ciwon ido yana ƙarami, ya warke da kansa.

"Idona garau yake," ya ce. "Da shi nake gane katako ya karkace tun daga nesa. Wancan na yarinta ne, kuma Allah ya yaye min."

Kaka ta kwashe da dariya har sandarta ta faɗi.

"Wayyo cikina! Allah ya yaye maka? Wai kai har yau ba ka gane ba? Da gemunka da komai?"

"In gane me?"

"Kana da hoton nan a cikin wayar katakon taka? Wanda kake sanye da wando mai igiya?"

Yana da shi, ya taɓa ɗaukarsa da waya daga jikin tsohon. Ya nemo ya miƙa mata. Ga shi nan ɗan mitsitsi jikin bangon nan lokacin yana da shuɗinsa, yayarsa ta dafa masa kai, su biyun sun karkata ido hagu suna dariya kamar za su faɗi.

"To duba da kyau, sarkin awo. Yayarka ma harara-garken ce? Ita ma ga ta nan tana kallon inda kake kallo."

Kafinta ya ƙura wa hoton ido. Wallahi shekara da shekaru yana kallonsa, bai taɓa lura ba.

"Wa kuke kallo?" in ji Kaka. "Ni kuke kallo, sakarai! Ina nan bayan kafaɗar Auta, ta hagu. Kana zaton yaro yana yi wa baƙin akwati dariya haka kawai? Uwarka ta riƙe kyamara, ni kuma in tsaya a bayanta in yi ta haukata kaina. In ɗora kwano a ka, in yi tafiyar agwagwa, in murguɗa baki, in ce ga mijina can mai kan gatari ko sabulu bai iya saya min ba. Maƙwabta suna leƙe ta taga suna cewa tsohuwar nan ta taɓu. Sai kun manta da ita sarai, sannan ta danna. Hoton yaro aikin mutum biyu ne. Kai kuwa ka kwaso 'ya'ya kai kaɗai kana yawo da su gari-gari kana ba dariya umarni."

Abin ya ba shi dariya, ya kuma ba shi tausayi, har bai san wanda zai fara yi ba. Duk tsawon shekarun nan yana kallon hotunan yana cewa shi da mahaifiyarsa ne, ashe su uku ne, ta ukun tana waje da kwano a ka.

"Ke nan ke kika lalata min ido a hoto, sannan kika bi ni da suna?"

"Ƙwarai. Kuma sunan ya zauna maka, ba na karɓarsa."

"Allah ya isa tsakanina da ke, tsohuwa."

"Ya isar maka a kan katako. Kai, Malama, zo nan 'yar albarka."

Yarinyar ta matso. Kaka ta kama haɓarta a hankali ta ɗaga fuskar, ta kalle ta ta saman tabarau.

"Tun da kika shigo kike magana kamar mai ɓoye goro a kumatu. Buɗe in gani."

Malama ta girgiza kai.

"Buɗe mana, ni ce fa. Ni da ba ni da ko ɗaya wa zan yi wa dariya?"

A hankali leɓen ya rabu. Haƙoran gaba na sama babu su, sai giɓi fayau. Kafinta ya matso da sauri.

"Yaushe suka fita?"

"Tun ranar da muka kwana biyu ba mu yi waya da Mama ba," in ji Malama. "Ta ce in suna girgiza in bari, ita za ta cire min da kanta in ta dawo. Ni kuma ban taɓa su ba, Baba, wallahi da kansu suka fita. In ta gani za ta ce ban jira ta ba."

Allah sarki. Ashe abin da yarinyar nan take dakonsa ke nan ita kaɗai, tana cin abinci a sunkuye, tana amsa magana da ka. Kafinta ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Kullum yana tare da ita, shi yake yi mata tsifar kai da hannunsa mai kanta, amma bai gani ba. Ya durƙusa zai yi magana, Kaka ta riga shi.

"Kai dai an yi asarar ido. Mutumin da yake hango karkatar katako daga nesa! An cire ƙofa biyu a gidanka ba ka sani ba."

"Kaka, bari mana."

"Ba zan bari ba. Ke kuma saurara. Uwarki ba haƙori ta bari a gida ba, ke ta bari. In ta ga wannan giɓin sai ta fi kowa murna, ta ce 'yata ta girma. Kuma ni kin yi min daidai, na samu abokiya. Dube ni nan."

Kaka ta wangale baki gaba ɗaya, dasashi fal, babu ko na rantsuwa. Tulu ya ƙyalƙyale. Gefen bakin Malama ya motsa, ta yi maza ta rufe da hannu.

"Ku koma jikin bango," in ji Kaka. "Ba tsayuwar sojan ubanku ba, ku hau dakalin ku zauna yadda kuka ga dama. Kai kuma koma kan dutsenka, ka ɗaga wayar, ka rufe min baki. Ko tari ka yi sai na rotsa maka sandar nan."

"Za ki iya tsayuwa kuwa? Kar ki faɗo min a ka, ba ni da kayan ɗinkin tsohuwa."

"Ka ji da kanka."

Ta miƙe da ƙyar, ta lallaɓo ta tsaya a bayansa ta hagu, ta dafa kafaɗarsa da hannu ɗaya. Ya ji nauyinta, ya ji kuma ba wani nauyi ba ne, duk ta ƙare sai ƙashi. Yana kallon yaran ta cikin wayar, ba ya ganinta, sai muryarta a bayan kunnensa.

"Ku dube shi don Allah! Kun san ubanku har ya shiga makaranta yana tsoron kaza? A nan wurin wata 'yar kaza ta kore shi, ya zubar da wando a bakin famfon can, ya shigo gida tsirara yana kiran sunana!"

"Ƙarya ne! Zakara ne, kuma ƙato!"

"Na ce ka rufe baki! Kaza ce, ko ƙwai ba ta fara ba. Haka yake gudu, ku gani..."

Me ta yi a bayan nasa, bai gani ba. Ya dai ji hannunta ya bar kafaɗarsa, ya ji takalminta yana shuri a ƙasa, ya ji wani irin kuka da ba na kaza ba ba na mutum ba. Ɗankwalinta ya faɗo a kan ƙafarsa. A cikin wayar ya ga Tulu ya kife a cinyar yayarsa yana dukan dakali. Malama ta danne, ta danne, kumatunta suka kumbura, sai abin ya ƙwace mata. Ta jefa kai baya ta saki dariya, giɓi a waje, rana a goshinta, irin dariyar da rabonsa da ji tun uwarta tana gida. Ya tsaya sororo yana kallo, ya manta da abin da ya kawo shi.

Hannun ya dawo kan kafaɗarsa, ya damƙe shi da ƙarfi.

"Yanzu! Danna, Auta, danna!"

Ya danna.

Yaran suna can suna ta dariyarsu, ba su ji komai ba. Shi ya ji, ita ma ta ji abin da ya fito daga bakinta. Hannunta ya yi sanyi a kafaɗarsa, amma ba ta ɗauke ba, shi ma bai juya ba. Suka ɗan tsaya a haka, kowa yana kewar mutum ɗaya. Can ta ja hanci ta ce, "Miƙo min ɗankwalina, mara kunya, ka bar ni kai a buɗe a titi."

Ya ɗauka ya kaɗe ya ba ta. Ta koma kan kujera tana haki, suka haɗa kai a kan wayar. Hoton ya karkace, bangon kamar zai zube. Hannun Tulu ya zama hazo, ƙafar Malama ɗaya ta fita waje. Su biyun sun karkata ido hagu.

"Ya karkace," in ji Kafinta a hankali.

"Tura shi haka, kafin in karkata maka wuya."

Ya tura. Suka zauna jira. Malama ta zo ta raɓe a jikinsa tana leƙen wayar, ta sa yatsa a giɓinta. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo, ya danna, ya ƙara sauti.

Da farko ba magana, sai dariya, irin ta mai ciwo da take dafe ciki. Sannan muryar matarsa, a shaƙe: "Wayyo 'yata ta zama tsohuwa! Malama, kin ganki kuwa? Kin yi kyau wallahi, ki ajiye min giɓin nan kar ya cike sai na zo na gani da idona. Tulu, wa ya ba ka dariya haka? Baban Malama, na gode. Tun jiya gabana yake faɗuwa, yanzu na ji ya tsaya. Ko yanzu suka zo in sha Allahu na shirya."

Malama ta ce a sake sa mata, aka sake. Ta ja ƙaninta suka koma kan dakali tana nuna masa yadda Kaka ta yi gudun kaza.

Kafinta ya juyo ya ga Kaka tana goge tabarau da bakin zani, ta daɗe tana gogewa.

"Tsohuwa, kuka kike?"

"Ƙurar katakon jikinka ce ta shigar min ido. Ba ka wanka ne?" Ta mayar da tabaran. "Yanzu kai gobe da safe ina za ka kasance?"

"A shago, da waya a hannu. Ina zan kai yara?"

"Ji wani zance. Matarka za ta shiga hannun likitoci, kai kana can kana gogar ƙafar tebur? Bar min su. Je ka kama mota tun da sauran rana."

"Ke? Ke da sai an ɗaga ki daga kujera? Tulu kaɗai sai ya ƙarasa ki kafin gari ya waye."

"Na raini uwarka, na raine ka da kan gatarinka, ban mutu ba. Wannan ɗan tulun ne zai kashe ni? Maƙwabciyata tana nan, Malama ma ta fi ka hankali. Tashi ka ba ni wuri."

Kafinta ya dube ta. Tun da aka kwantar da matarsa yake son ya ji wani ya ce masa tafi, bai san haka ba sai yanzu. Ya yi dariya, ido yana ruwa, ya ɗaga hannu biyu sama.

"Na sallama. Yau kin ci, Kaka."

"Yau kawai? Wuce, Allah ya ba ta lafiya, ya tashi kafaɗunta."

Ya rungumi yaran, ya gaya wa Malama inda zai je, ta gyaɗa kai tana murmushi ba ta rufe baki ba. Ya kama hanya da sauri. Har ya kusa shan kwana ya jiyo muryar tsohuwar ta cika layin.

"Kai, mijin banza! In ka je ka tsaya inda za ta gan ka in ta farfaɗo! Amma ka wanke fuskar nan tukuna, kar baiwar Allah ta buɗe ido ta sake suma!"